William Kimber, birkilan da ya riƙe rawar Moris

Malam Edita, assalamu alaikum.

Muna neman ɗan fili a jaridarmu mai farin jini, domin masu karatu da yawa sun ɗauka Turawan Ingila ba su da rawar gargajiya. Suna da ita, sunanta Moris, kuma wani birkila ne, William Kimber, ya riƙe ta lokacin da take gab da mutuwa.

An haife shi a 1872 a Headington Quarry, ƙauyen masu fasa dutse a gefen Oxford. Gadon rawar ya yi, mahaifinsa ne jagoran 'yan rawar ƙauyen. A al'ada da bazara ake yin ta, amma a ƙarshen 1899 sanyi ya tsayar da aikin gini, aljihu ya bushe, sai suka fito ran 26 ga Disamba neman na cefane. A nan wani malamin kiɗa, Cecil Sharp, ya gan su. Washegari Kimber ya koma ya yi masa kiɗa, Sharp kuwa ya rubuta kiɗe-kiɗen rawar guda biyar.

Ga yadda abin yake. Maza shida ne ke tsayawa sahu biyu, uku-uku. Kowa ya ɗaura fata mai ƙananan ƙararrawa a ƙwauri, kamar akayau, ya riƙe farin hankici a kowane hannu, ko sanda. Tushen takun shi ne taku uku da ɗan tsalle ɗaya, a kan tsinin ƙafa. Wanda ya sauka da diddige, ƙararrawarsa za ta yi ƙara bayan ta sauran, kunne ya kama shi tun kafin ido.

Kimber da kwansatina yake kiɗa, wata 'yar na'ura mai kusurwa shida da zugazugi a tsakiya. Irin tasa, kowane maɓalli sauti biyu yake bayarwa: ɗaya in an matse, ɗaya in an ja. Wannan juyin na zugazugi ne ke yanka sautin gajere-gajere, ya ɗaga ƙafar mai rawa. Sabon hannu yakan ja sautin ya yi tsawo, rawa ta yi nauyi. Kuskure mafi girma kuwa gudu ne. In an zo manyan tsalle dole makaɗi ya sassauta, ya jira ƙafa ta dira kafin ya kai bugun, in ba haka ba mai rawa zai rage tsallensa don ya cim ma kiɗa. Kimber ya san wannan domin shi kansa ɗan rawa ne, ƙafafu yake kallo.

Shi ya sa littafi kaɗai bai wadatar ba. Mary Neal, wata mai aikin taimakon jama'a, ta gayyaci Kimber Landan ya koya wa 'yan matan ƙungiyarta rawar, kuma ko bayan littafin Sharp na farko kan rawar Moris ya fito a 1907, Sharp yakan tafi da shi wurin laccoci, shi yana bayani, Kimber yana takawa.

Ya ci gaba da gini da kiɗa har tsufa, bayan yaƙin duniya na biyu ma ya horar da yaran makaranta a Headington. Ya rasu ran 26 ga Disamba, 1961. A dutsen kabarinsa an sassaƙa kwansatina da ƙararrawar ƙafa.

Naku,
Wasu masu nazarin kiɗan gargajiya