Godiya ga garejin gyaran wutar mota na bakin titin jirgi, Agege

Assalamu alaikum Maigida, da duk yaran da ke aiki a ƙarƙashinka.

Godiyar da na yi muku da baki ranar Talata ba ta ishe ni ba, shi ya sa na kawo ta bainar jama'a. Ni ɗan kasuwa ne a kasuwar Mile 12 da ke Legas, albasa da tattasai nake sayarwa, gidana kuma yana Agege. Tsohuwar Toyota Sienna ɗina ita ce ƙafata, da ita nake fita kafin gari ya waye.

Wata huɗu na yi ina shan wahalar motar nan. Da asuba in murɗa makulli, sai in ji ƙas-ƙas-ƙas, daga nan shiru. Ga ta ba mai giyar hannu ba balle a tura, dole in buga ƙofar maƙwabci ya fito da tasa a jona waya, har na fara jin nauyin mutumin. Mai gyaran da na fara zuwa wurinsa ko bonet bai gama ɗagawa ba ya ce batir ne. Na saya. Bayan sati biyu muka koma gidan jiya. Na biyun ya tayar da injin, ya cire kan batir, da ya ga motar ba ta mutu nan take ba sai ya ce altaneta, wato na'urar da ke cajin batir, lafiya lau, jabun batir aka sayar mini. Na nuna masa jar fitilar nan mai hoton batir da ke kamawa tana ɗaukewa a gaban direba, ya ce in manta da ita, haka tsofaffin motoci suke. Na sake sayen wani.

Ƙarshenta dai a Ojota ta ajiye ni, da dare, ana tsuga ruwa. Fitilu suka dushe, abin share gilashi ya koma jan jiki, rediyo ya ɗauke, sannan injin ya mutu a tsakiyar titin Ikorodu. Wanda ya san Legas ya san abin da ke zuwa zuciyar mutum a irin wannan lokaci. Allah ne ya kiyaye.

Washegari aka jawo ta wurinku, kuma da fushina na zo. Matashin nan naka ɗan Funtua ya tarbe ni, ya ba ni benci, bai ce mini komai game da cutar motar ba sai da ya ɗauko mitar auna wuta. Ya sa batirin a caji, ya ce in dawo da safe. Da na dawo ya ɗora mita injin yana kashe, ta nuna volt 12.6. Ya ce, "Alhaji, wannan cikakken batir ne, ɗakuna 6 gare shi, kowanne na ba da kamar volt 2.1. Yanzu tayar mu gani." Ya ce idan injin na aiki, kamata ya yi a ga tsakanin 13.5 da 14.5. Tawa ta tsaya a 12.1, da ya kunna fitilu da esi sai lambar ta riƙa sauka ina kallo da idona.

Sai ya yi mini bayanin da ba wanda ya taɓa yi mini. Ya ce batir randa ce, altaneta kuma mai ruwa. Babban aikin batir shi ne juya kik har injin ya tashi. Da zarar ya tashi, fanbel ke juya altaneta, ita ke ciyar da fitilu da esi da fulogi, ta kuma mayar wa batir abin da ya kashe. In mai ruwa ya daina zuwa, ko randa goma ka saya duk za su ƙafe. Ya ƙara da cewa a gosulon Legas, inda injin ke juyawa a hankali ga esi ga fitilu ga cajin waya, altaneta mai rauni ba ta iya biyan bashin, batir ne ke cikawa daga jikinsa, kuma yawan zuƙe shi har ƙasa yana rage masa kwana.

Da ya kwance altanetar, ya ɗora mini wasu 'yan guntayen gawayi biyu a tafin hannu, burushin da ke kai wuta ga abin da ke juyawa a ciki. Sun cinye, wani lokaci su taɓa, wani lokaci su saki, shi ya sa cajin ke zuwa yana ɗaukewa. Aka aika yaro Ladipo, kasuwar kayan mota, ya sayo sabo haɗe da regileta mai daidaita ƙarfin wuta, ya dawo da rasit da canjina. Aka ɗaura, aka goge farin garin da ya taru a kan batir, mita ta nuna 14.2. Duk abin da na biya bai kai rabin kuɗin batir ɗaya ba. Har na ce ko a sauya altanetar gaba ɗaya in huta, ya ce, "Baba, kuɗinka ne, amma wannan tana da sauran rai."

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne gargaɗin da ya yi mini a kan cire kan batir injin yana aiki. Ya ce batir ne ke shanye tsallen wuta, in ka cire shi wutar na iya haurawa ta ƙone ƙwaƙwalwar motar. Ke nan a gaban idona aka yi caca da dukiyata, na kuma biya ladan aiki. Mitar nan ba ta kai kuɗin buhun albasa ba, amma sai ka zaga gareji biyar ba ka ga mai ita ba. Kowa na gyara da ka, an raina mai mota, an ɗauka ba zai fahimta ba ko an yi masa bayani. Direbobin haya nawa ne, masu ciyar da iyali da mota ɗaya, aka sa su sayi batir da bashi alhali guntun gawayi ne ya cinye?

Maigida, Allah ya saka maka da alheri kan tarbiyyar da ka ba yaron nan, shi kuma Allah ya yi masa albarka, ya ba shi nasa garejin. Ranar Asabar zan zo da ƙanena, tasa motar ma ta fara kunna jar fitilar.

Naku,
Ɗan kasuwar albasa, Mile 12