Likita, na ajiye sigari amma zafin rai na neman ɓata mini gida

Assalamu alaikum Likita. Ina fatan kana lafiya, kai da iyali da abokan aikinka na gidan rediyo. Allah ya saka da alheri kan wannan shiri. Ni tela ne, shagona yana Sabon Gari, gidana kuma a Tudun Wada, nan Zariya. Don Allah a sakaya sunana, domin mahaifiyata ba ta rabuwa da rediyo, kuma ba na son ta ji maganar nan daga bakin duniya.

Tun ina yaron shago nake shan sigari, yau ga shi har furfura ta fara leƙowa. Ƙaramar 'yata ce dalilin ajiye ta. Da hunturun nan ya kankama tari ya sa ta a gaba, da dare sai ka ji numfashinta na fita da ƙyar. Likitan da ya duba ta ya tambaya ko akwai mai shan taba a gidan, na ce a waje nake sha. Ya ce ai hayaƙin na maƙalewa a riga da gashi da hannu, kuma yaro mai ciwon ƙirji abu kaɗan ke tayar masa da shi. Ranar na zubar da sauran kwalin a kwata, kuma har yanzu da nake rubuta maka ban kai ko kara ɗaya bakina ba.

Kwanakin farko na sha wuya. Kai na sarawa, baki ya bushe, almakashi na hannuna amma hankalina ba ya kan yadi. Ciki ya ɗaure, ga yunwa ba dare ba rana. Tari ma ya fi na lokacin da nake sha, har da majina. Ƙanen matata ma'aikacin jinya ne, shi ya zaunar da ni ya ce sinadarin nikotin da ke cikin taba cikin 'yan daƙiƙoƙi yake isa ƙwaƙwalwa, ita kuma ta saba da samunsa sau da yawa a yini, shi ya sa take bore idan aka hana ta. Ya ce abin ya fi tsanani a kwana 2 zuwa 3 na farko, sannan ya riƙa sauka cikin mako 3 zuwa 4, kuma ƙwaɗayin idan ya taso ba ya wuce 'yan mintoci. Wannan na ƙarshen na gwada na ga gaskiyarsa. Idan ya taso nakan kurɓi ruwan sanyi a hankali, ko na sa aswaki a baki, ko na tashi na yi alwala na zaga bayan kasuwa, kafin na dawo kan keke ya lafa. Matsalar dai ita ce yana dawowa, kuma ya san lokutansa: bayan na ci tuwo, da safe wajen mai shayi, da duk sa'ad da aka ɗauke wuta aiki ya tsaya na rasa abin yi da hannuna.

Akwai abin da ke ɗaure mini kai. Da azumi ina yini tun asuba har magariba ban sha ba, kuma ban taɓa jin irin wannan azabar ba. Da na zauna na yi tunani sai na ga a lokacin zuciyata a kwance take, saboda ta san da an sha ruwa za ta samu. Yanzu kuwa babu wata magaribar da take jira. Ina ganin rabin ciwon nan daga nan yake, ko kuwa na yi kuskuren fahimta?

Na koma cin goro don bakina ya samu abin yi, sai barci ya ƙaurace mini, ina juyi har kiran assalatu. Surukin nawa ya ce hayaƙin taba na sa jiki ya yi saurin narkar da sinadarin da ke cikin goro da shayi da kofi, don haka idan mutum ya daina sha, goron da ya saba ci sai ya fi yi masa ƙarfi. Na rage shi, na koma kanumfari da aya, bayan la'asar kuma ba na taɓa shi. Barcin ya ɗan dawo, amma da mafarkai, har nakan ga ina busa ta na farka gabana na faɗuwa.

Duk wannan zan iya daurewa, Likita. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne zafin rai. Ni mutum ne da a unguwa ake yi wa shaidar haƙuri, amma yanzu ƙarar cokali a kwano ma tana tayar mini da hankali. Yaran shagona sun koma magana da raɗa. 'Ya'yana, waɗanda da suke rige-rigen tarbo ni a zaure, yanzu da sun ji tsayuwar mashin sai kowa ya nemi ɗaki. Rannan uwargida ta ce mini, cikin kuka, idan haka barin tabar yake to gara a ce ban bari ba. Na san ba har zuciyarta ta faɗa ba, ita ce ta fi kowa roƙona na daina tun muna sabon aure. Amma maganar ta tsaya mini a rai, domin don su na bari, ga shi kuma su ne ke ɗanɗana kuɗarsu. Wani lokaci ba fushi ba ne ma, wani irin ƙunci ne ke sauko mini haka kawai, kamar an yi mini rasuwa.

Abokan majalisarmu ta bayan isha'i kowa da tasa fatawar. Wani ya ce yanke ta lokaci guda na karya jiki, na riƙa shan kara ɗaya bayan abinci har na saba. Wani ya ce na koma shisha, wai ruwa na tace dafin. Ta shisha kam ban karɓa ba, hayaƙi hayaƙi ne, ga kuma na gawayi a kai. Ta kara ɗayan ce ke yi mini daɗin ji, kuma shi ya sa nake tsoronta, don na san kaina. Na ɗan janye daga majalisar, amma mutanen nan tare muka tashi, su ne a kan gaba ranar sunan 'ya'yana da ranar jana'izar mahaifina. Ba na son a ce na daina taba na daina zumunci.

Ga kuma mai tebur a kowace kwana. Dokar hana yaɗuwar shan taba ta 2015 ta haramta sayar da sigari kara-kara, ta ce sai dai kwali mai 20, amma daga Kwangila har Ƙofar Doka da canjin aljihunka za ka samu guda, har a ara maka ashana. Da ana bin dokar nan da irina sun samu sauƙi, domin kafin mutum ya ciro kuɗin kwali guda ya samu lokacin yin tunani.

To Likita, wannan zafin rai da ƙuncin, shin cikin ciwon rabuwa da taba suke, za su wuce da kansu, ko akwai matakin da idan sun kai sai na ga likita? Na ji ana maganar cingam da filastar nikotin da ake samu a manyan kantunan magani. Shin taimako ne na gaske, ko sauya ubangida ne kawai? Ina da ɗan hawan jini, shi ya sa ban saya da kaina ba, kuma idan asibitin koyarwa na Shika ya kamata na je, wane sashe zan nema? Tarin nan ma ina son sanin lokacin da ya kamata ya tsaya.

Ina kuma roƙon ka yi wa uwargida magana kai tsaye a cikin shirin, tana saurare, kuma za ta fi jin taka a kan tawa. Ka gaya mata abin da za ta yi tsammani da yadda za ta taimaka mini. Sannan azumi na ƙaratowa, bayansa ɗinkin Sallah, lokacin da mu teloli ke kwana a kan keke, kuma tun da na fara sana'ar nan da sigari nake korar barci a waɗannan dararen. Me zan riƙe a madadinta?

Na gode, Allah ya ƙara basira.

Mai sauraronka,
Tudun Wada, Zariya