Tantunan Columbia: a ina aka ce bakin ɗalibi ya tsaya?

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni ɗan fili in amayar da wata magana da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya: zaman dirshan da ɗaliban jami'o'in Amurka suka yi cikin tantuna saboda Gaza, da abin da ya biyo baya. Ni malamin makaranta ne, duk inda na ga ɗalibi da ankwa a hannu, barci ba ya ɗaukata.

Ranar 17 ga Afrilun 2024 ɗaliban Jami'ar Columbia da ke New York suka kafa tantuna a harabar makarantarsu, suna neman jami'ar ta janye jarinta daga kamfanonin da ke cin ribar yaƙin Isra'ila a Gaza. A ranar ce kuma shugabar jami'ar, Minouche Shafik, take gaban wani kwamitin Majalisar Wakilai a Washington, ana titsiye ta kan zargin ƙyamar Yahudawa a makarantarta. Ta ga gemun takwarorinta na Harvard da Pennsylvania ya kama wuta, domin dukansu sun bar kujerunsu bayan irin wannan zama na Disamban 2023. Washegari ta kira 'yan sanda, aka kwashe ɗalibai sama da 100. 'Yan sandan da bakinsu suka shaida cewa yaran ba su yi turjiya ba. Maimakon wutar ta mutu, sai ta bazu daga wannan jami'a zuwa waccan, har yawan waɗanda aka kama a faɗin ƙasar ya haura 3,000.

Edita, zuciyata tana tare da ɗaliban nan, ba zan ɓoye ba. Amma ba zan ce duk abin da suka yi daidai ne ba. Ranar 30 ga Afrilu wasunsu suka kutsa ginin Hamilton Hall da ke Jami'ar Columbia, suka fasa gilasai, suka tokare ƙofofi da tebura, suka raɗa wa ginin sunan Hind Rajab, ƙaramar yarinyar da aka kashe cikin mota a Gaza. Sunan ya taɓa ni ƙwarai. Sai dai akwai masu shara da ke aikin dare a ciki, waɗanda suka ce an rutsa da su. Me talaka mai tsintsiya ya yi wa Gaza? Haka a Jami'ar California da ke Los Angeles, wasu ɗalibai Yahudawa sun kai ƙara cewa an tare musu hanya a cikin makarantarsu, alƙali kuma ya ce jami'a ba ta da damar zuba ido a yi haka. Na yarda da alƙalin. Wanda ya hana ɗan'uwansa shiga aji ya bar fagen magana, ya koma fin ƙarfi.

Ko a doka ma, tanti ba shi da kariyar da baki yake da ita. Tun 1984 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke cewa hukuma na iya hana masu zanga-zanga kwana a dandalin Lafayette da ke gaban fadar White House. Ana iya tsara wa mutum wuri da lokaci, abin da ba a yarda ba shi ne a zaɓar masa abin da zai faɗa. Columbia kuma jami'a ce mai zaman kanta, don haka gyaran farko na kundin tsarin mulkin ƙasar, wanda ya kare faɗin albarkacin baki, bai ɗaure ta kai tsaye ba.

To ga inda gizo ke saƙar. Idan dokar wuri da lokaci ce tsakani da Allah, ya kamata ta hau kan kowa, ba tare da an duba tutar da ke hannunsa ba. A 1985 ɗalibai sun sa sarƙa a ƙofar wannan gini na Hamilton Hall, suka zauna a gabansa mako uku saboda mulkin wariyar launin fata a Afirka ta Kudu. Ba a yi musu kamun taro irin na 2024 ba, kuma kafin shekarar ta ƙare jami'ar ta amince ta janye jarinta. Yau ana ba da labarinsu da alfahari. A Los Angeles kuwa, daren 30 ga Afrilun 2024, wasu gungun mutane suka far wa tantunan ɗalibai da sanduna, aka ɗauki sa'o'i kafin 'yan sanda su raba. Kwana biyu bayan nan aka zo da ƙarfin tsiya, aka rushe tantunan, aka kama waɗanda aka daka. Wannan tsarin wuri da lokaci ne, ko kuwa maganar ce ba a son ji?

Kuma akwai wata hanyar. Jami'ar Brown ta zauna da ɗalibanta, ta yi alkawarin kai buƙatarsu gaban majalisar gudanarwa, suka naɗe tantunansu da hannunsu. Da aka kaɗa ƙuri'a a Oktoba ɗaliban ba su yi nasara ba, amma an saurare su.

Mu nan ba baƙin wannan labari ba ne. Mun san yadda aka harbe ɗalibai a Samarun Zariya lokacin zanga-zangar "Ali Must Go" a 1978, 'yan'uwanmu na Nijar kuma ba su manta da ɗaliban da aka kashe a gadar Kennedy a Yamai ba, ranar 9 ga Fabrairun 1990. Shekara da shekaru ofisoshin jakadancin Yamma suna yi wa gwamnatocinmu wa'azin a bar matasa su yi magana. Abin da nake tsoro shi ne, gobe mai iko a nan ya nuna hoton Columbia ya ce ai ko a Amurka haka ake yi.

Abin da ya fi ƙona mini rai ya zo ne a 2025, bayan tantunan sun daɗe da tashi. Gwamnatin Trump ta yanke wa Columbia tallafin dala miliyan 400. Ranar 8 ga Maris jami'an shige da fice suka kama Mahmoud Khalil, wanda ya yi shiga tsakanin ɗalibai da hukumar jami'a, alhali yana da takardar zama ta dindindin. Ya shafe sama da wata uku a tsare a Louisiana, har matarsa ta haihu ba ya nan. Ranar 25 ga watan kuma wasu jami'ai cikin farin kaya, wasunsu fuska a rufe, suka tare Rümeysa Öztürk, 'yar Turkiyya mai karatun digiri na uku a Jami'ar Tufts, tana kan hanyar zuwa buɗa baki cikin azumi. Ta yi mako shida a tsare kafin alƙali ya ba da umarnin a sake ta, yana mai cewa gwamnati ba ta kawo wata hujja ba sai wani sharhi da ta sa hannu a kansa tare da abokan karatunta a jaridar makaranta. Ba ta fasa ƙofa ba, ba ta tare wa kowa hanya ba. Abin da ta yi, Edita, shi ne abin da nake yi yanzu: ta rubuta wa jarida ra'ayinta.

Na gode da filin da ka ba ni. Allah ya ƙara wa jaridarku albarka.

Naka,
Mai karatunku a kullum, daga Kaduna