Likita, Shin Dashen Haƙori Zai Iya Ɗaukar Nauyin Taunata?

Assalamu alaikum Likita. Ina gaishe ka da abokan aikinka na wannan fili, Allah Ya ƙara basira.

Ni ɗan kasuwa ne, na haura shekara 55. Turamena na ƙasa, hagu da dama, duk sun fita, na gaba kaɗai suka rage. Aka yi mini haƙoran roba masu cirewa, da ƙugiyoyin ƙarfe da ke riƙe da haƙoran da suka saura. Wajen magana da dariya ba ni da ƙorafi. A wajen ci ne ake yin ta. Da na ɗora tsoka a baya na danna, sai robar ta nutse cikin dasashi, gabanta ya ɗago, ƙugiyar ta fizgi haƙorin da take kamawa, kamar benci da aka cire wa ƙafafun gefe ɗaya. Yanzu haƙorin nan na dama ya fara motsi, dasashin kuma kullum da ƙuna. Kilishi da ganda na sallama su, goro kuwa sai an kankare mini.

Likitan da ke duba ni ya ce a dasa ƙusar titaniyam ɗaya a kowane gefe, can baya cikin ƙashin muƙamuƙi, a jira wata 3 zuwa 6 ƙashi ya kama ta, sannan a sa mata kai mai kama da maɓalli da robar za ta riƙa hawa. A cewarsa, ƙarfin tauna ya fi yawa a baya, don haka idan bayan ya sami madogara, nutsewar za ta ragu, haƙoran gaba su huta.

Na gamsu da wannan, amma wata magana da ya yi ce ta tsaya mini a rai. Ya ce haƙorin da Allah Ya halitta yana da 'yan zaruruwa tsakaninsa da ƙashi, masu rage ƙarfin cizo, masu kuma sanar da mutum idan ya ciji tsakuwa a shinkafa. Dashe, wato ƙusar nan, ba shi da su, a kafe yake. To Likita, idan haƙori yana ɗan sassautawa, ƙusa ba ta sassautawa, ga roba ɗaya ta haɗa su, ina nauyin zai tafi? Ƙashin da ke kewaye da ƙusar ne zai riƙa zaizayewa, ko robar ce za ta tsage a daidai maɓallin?

Ga shi uwargida ta ce ina cizon haƙora cikin barci har tana jin ƙara. Ina kuma da ciwon suga, duk da ina shan magani a kan kari. Sigari dai ban taɓa sha ba, alhamdulillahi.

An ce mini kuma wata 'yar roba ƙarama da ke kama maɓallin tana cinyewa, sai an riƙa sauyawa. Kuɗin ba kaɗan ba ne, ga hidimar yara. Don Allah ka faɗa mini gaskiya: mai irin lalurata, dashen nan zai ɗore? Kuma gara a dasa can ƙarshe ko kusa da haƙoran da suka rage?

Na gode.

Mai sauraronka,
daga Kano