Godiya ga masu gyaran shafukan intanet na Samaru kan aikin da suka yi wa shagonmu

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Na rubuto ne a madadin shagonmu na sayar da iri, taki da maganin feshi da ke Sabon Garin Zariya, domin in gode wa wani ƙaramin ofishi na matasa masu gina shafukan intanet da ke kan titin Sakkwato a Samaru. Sun roƙe ni kada in kama sunansu, wai kada a ce sun saye ni. Na yarda, amma duk wanda ya zo shago ya tambaya zan kwatanta masa wurin har ƙofa.

Kafin mu je wurinsu, shafin shagonmu ya riga ya sha hannu. Wani da ke kiran kansa gwani ya karɓi kuɗinmu da alkawarin cewa cikin mako biyu duk wanda ya nemi irin masara a Google mu zai fara gani. Abin da ya yi shi ne sayo mana mahaɗai, wato linki kamar yadda yara ke faɗa, a buhu-buhu kamar ƙaiƙayi. Da aka buɗe mana jerin daga baya, sai ga shafukan caca, ga na tallan maganin ƙarfin maza, ga wasu da harsunan da ba wanda ya iya karantawa a cikinmu, dukkansu suna nuno shagon taki na Zariya, kuma kowanne da kalmomi iri ɗaya sak: "iri mai inganci a Zariya". Ya kuma buɗe mana wani shafi na "abokan hulɗa" da ya cika da adireshin masu sayar da tayoyin mota da masu ɗinkin labule, bisa sharaɗin su ma su saka namu. Ba ni gishiri in ba ka manda ke nan. Da watanni suka wuce ba mu ga komai ba, sai wayarsa ta daina shiga.

Wadda ta karɓe mu a Samaru wata yarinya ce da ba ta wuce sa'ar 'yata ba. Abin da ya fara ba ni mamaki, ba ta tambayi kuɗi ba sai da ta juyo mini da fuskar kwamfutar ta jawo mini kujera. Ta ce, "Baba, duk wanda ya yi maka alkawarin matsayi na ɗaya ƙarya yake, don shi kansa Google ya ce ba mai iya ba da wannan tabbacin." Daga nan ta shiga Search Console, wurin da Google ke bai wa kowane mai shafi kyauta don ya ga halin da shafinsa ke ciki a bincike, ta buɗe sashen hukunce-hukunce, sai ga sanarwa tana zaune tun tuni cewa an gano mahaɗan bogi suna nuno shafinmu. Gwanin namu bai taɓa gaya mana akwai wannan wuri ba, balle ya ba mu makullinsa.

Bayanin da ta yi ya cancanci a maimaita shi, domin 'yan kasuwa da yawa a garin nan ana cin kuɗinsu a kan wannan. Tun 1998 da Larry Page da Sergey Brin suka fito da PageRank, tsarin auna darajar shafuka, a jami'ar Stanford ta Amurka, Google ke ɗaukar mahaɗi a matsayin shaida. Kamar binciken aure ne. Idan aka je unguwa tambayar halin yaro, maganar limami ɗaya ta fi ta 'yan zaman majalisa goma, kuma idan aka gano yaron ya bi ya raba musu goro kafin a zo, shaidar ta rushe har ta koma zargi. Haka shafi mai mutunci, wanda yake magana a kan noma, idan ya nuno namu don raɗin kansa ba tare da mun rama masa ba, ya fi dubban waɗanda aka sayo. Shafin da ya jera mahaɗai ɗari a fuska ɗaya kuma, ɗan abin da zai kai wa kowanne bai taka kara ya karya ba, tunda rabawa ake yi. A watan Afrilun 2012 Google ya fito da tsarin Penguin don farautar mahaɗan saye, a 2016 ya mayar da shi mai aiki kullum, yana watsar da na bogin kamar babu su. Wato ko ba a hukunta ka ba, kuɗinka ya bi ruwa. Ta ƙara da cewa musaya tsakanin shafuka biyu masu alaƙa ta gaskiya ba laifi ba ce. Abin da dokar Google ta hana shi ne a mayar da ita sana'a.

Wajen share dattin nan ne na ga haƙuri. Ta sauke jerin duk shafukan da ke nuno mu daga rahoton mahaɗai na Search Console, ta zuba shi a jadawali, ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana kasa su uku: na kirki, na shakka, da na banza ƙarara. Masu na banzan da ake iya samun adireshinsu aka rubuta musu su cire. Mafi yawa ba su amsa ba, wasu ma cewa suka yi sai an biya su, ta ce kada a ba su ko sisi. Sauran ta haɗa su a takardar barranta, wato ta gaya wa Google kada ya lissafa mana su, wadda Google ya buɗe hanyarta tun Oktoban 2012: fayil ne na rubutu zalla, kowane layi shafi ɗaya, a fara da kalmar domain da ɗigo biyu sannan sunan shafin, idan ana son a barranta da shi gaba ɗaya. Ta gargaɗe ni da abu biyu. Sabon fayil yana shafe tsohon ne baki ɗaya, don haka duk ranar da za a ƙara wani abu sai a ɗora a kan tsohon jerin. Sannan wanda bai sayi mahaɗai ba kuma ba a hukunta shi ba, bai ma kamata ya taɓa wannan wuri ba, don garin gyaran gira zai iya rasa ido, ya barranta da shafin da ke ɗaga shi. Bayan haka ta rubuta takardar neman sake dubawa. Na so a ɗan rufa asiri, ta ce a'a, mutum ne zai karanta, a faɗa masa an saya, ga abin da aka cire, ga abin da ya gagara. Bayan 'yan makonni sanarwar ta ɓace.

Sauran gyare-gyaren cikin gida ba su ɗauke su lokaci ba. Sun rage nauyin hotuna don shafin ya riƙa buɗewa a ƙaramar waya, sun goge shafin nan na masu taya da labule, sun kuma gano tsofaffin adireshi da aka canza wa suna, waɗanda duk mai latsa su sai ya ci karo da lambar 404, wato ba a sami shafin ba. Aka ɗora musu juyi na 301, mai kai wanda ya latsa tsohon adireshi zuwa sabon, wanda ya dawo mana da wasu mahaɗai na kirki da muke da su tun da, muna asararsu ba mu sani ba.

Sai babban aikin, wato yadda za a sa mutane su nuno mu da kansu. Ta tambaye ni, "Baba, wace tambaya ce manoma suka fi damun ka da ita a kan kanta?" Na ce yadda za su gane iri zai tsiro kafin su zuba shi a gona. Ta ce to shi za mu rubuta, da Hausa, don masu rubuta irin wannan da Hausa ba su da yawa, kuma ba wanda zai nuno jerin farashin kayan shago haka kawai. Muka tsara shi dalla-dalla: a ɗebi ƙwaya 100 daga sama da tsakiya da ƙasan buhu, a jera su goma-goma a kan jiƙaƙƙen buhun algarara ko tsumma, a naɗe, a ajiye a inuwa ana yayyafa ruwa kada ya bushe kada kuma ya jiƙe sharkaf, a ƙirga bayan kwana bakwai. Idan 85 ko fiye sun tsiro a shuka yadda aka saba, idan sun gaza a ƙara yawan iri, idan ba su kai 60 ba a nemi wani. Ta zo shago da kanta ta ɗauki hoton tsumman a rana ta farko da ta bakwai, ta ƙi yarda a kwaso hoton wani daga intanet. Muka bi da na tazarar masara, santimita 75 tsakanin kunya da kunya, 25 tsakanin rami da rami idan ƙwaya ɗaya ce, abin da ke cin kusan kilo 20 a hekta. Na uku shi ne fassarar sunayen da ke jikin buhunan iri, waɗanda suka samo asali daga Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke nan Samaru: SAMMAZ masara, SAMSORG dawa, SAMPEA wake, SAMNUT gyaɗa, SAMCOT auduga. Manomi na sayen su kullum bai san abin da haruffan ke nufi ba.

Da rubutun ya hau, ba su zauna jira ba. Sun tsamo wurare kamar talatin da maganar ta shafa: kamfanonin da muke saro iri a wurinsu waɗanda ke da jerin dillalansu, ƙungiyoyin manoma, jaridun Hausa na intanet masu filin noma, da wasu da suka taɓa ambaton sunan shagon ba su ɗora mahaɗi ba. Kowanne da wasiƙarsa daban, gajera, tana nuna an karanta abin da ya rubuta. Inda suka ga wani shafi yana nuna makala da ta mutu, wato ta daina buɗewa, sai su sanar da mai shi su ce ga tamu idan ta yi masa. Tunatarwa sau ɗaya ake yi bayan mako guda, daga nan a ƙyale mutum. Ba a kuma gaya wa kowa kalmomin da zai ɗora mahaɗin a kansu, domin na gaskiya ba sa zuwa iri ɗaya: wani sunan shago zai sa, wani ya ce "duba nan", wani ya kwafe adireshin yadda yake. Waɗanda suka amsa ba su kai kashi ɗaya cikin uku ba, kuma tun farko ta gaya mini haka za a yi, shi ya sa raina bai ɓaci ba.

Wata jarida ta ce sai an biya kuɗin talla. Na ɗauka za ta hana, sai ta ce talla halal ce, matuƙar an liƙa wa mahaɗin alamar sponsored, wato an biya, wadda Google ya fito da ita a 2019, ƙari a kan nofollow, mai cewa kada a ɗauki mahaɗin a matsayin shaida, da ake amfani da ita tun 2005. Mahaɗi mai irin wannan alama ba a sa ran ya ɗaga matsayi, haka na Facebook da na Wikipedia, amma yana iya kawo mai saye, don haka a auna shi da ma'aunin talla. Ta kuma raba ni da wata lamba da gwanin farko yake turo mini hotonta yana murna tana hawa. Ashe ta wani kamfani ce mai suna Moz, ƙiyasinsa ne daga 1 zuwa 100, Google ba ya aiki da ita, tasa lambar ma ya daina nuna wa jama'a tun 2016. Abin da yaran Samaru suke aiko mini duk ƙarshen wata shi ne kalmomin da aka neme mu da su, sau nawa aka gan mu, sau nawa aka latsa. Yanzu mai neman gwajin tsiron iri da Hausa yana ganin mu, kuma na fara samun kira daga Giwa da Soba da Maƙarfi, daga mutanen da ban taɓa sani ba.

Akwai abin da ba ya cikin yarjejeniya da suka yi, wanda shi ya fi sa ni ɗaukar alƙalami. Sun gano sunan shafinmu na .com.ng da sunan gwanin farko aka yi masa rajista, wato a takarda nasa ne. Sai da suka yi ta bin kamfanin rajistar da takardunmu na shago har aka dawo da shi sunanmu, suka rubuta mini duk makullan sirri a takarda, suka sa ranar sabuntawa ta shekara-shekara a wayata. Masu wannan sana'a da dama riƙe makulli suke yi don kada ka iya barin su, kamar telan da ya ƙi ba ka ragowar yadinka. Kuma abin ya wuce harkar kwamfuta. Ka kai janareta gyara a canza maka sabon ƙarfe da tsoho, ka je ofis neman takarda ɗaya a ce oga ya fita, ka dawo gobe, goben ta zama wata. Rasit ma sai ka roƙa kamar sadaka. Mun saba har idan aka yi mana daidai sai mu tsaya muna neman inda tarkon yake. Ni kaina na yi wata biyu ina jiran ranar da yaran nan za su ɓullo da wani cajin da ba mu yi da su ba, bai zo ba.

Ƙorafina ɗaya a kansu shi ne matattakalar benen, wadda ba a yi ta don masu ciwon gwiwa ba. 'Yata, ke da abokan aikinki, Allah ya yi muku albarka, ya saka wa iyayenku da alheri, ya buɗa muku kasuwa har ku kama ofis a ƙasa. Rubutun adana wake a buhu mai leda biyu da kika ce in kawo kafin kaka, na gama shi, yaro zai kawo ranar Litinin in sha Allahu.

Wassalam.
Mai shagon iri da taki, Sabon Gari, Zariya.