A Buɗe Wa Manya Ƙofar Laburare A Lokacin Hutu

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a wannan jarida mai farin jini domin in ja hankalin hukumomin ɗakunan karatu na jihohinmu game da hutun ƙarshen shekara da ke ƙaratowa. An saba ɗaukar laburare a matsayin wurin ɗalibai masu shirin jarrabawa, alhali ma'aikata da malaman makaranta, waɗanda sai a irin wannan lokaci suke samun sarari, su ma suna da haƙƙi a cikinsa.

Shawarata ita ce wurare irin su Ɗakin Karatu na Murtala Muhammad da ke Kano su ware yammacin Asabar domin zaman karatu na manya, inda mutum ɗaya zai karanta babi a bayyane, sauran su tattauna, a kuma tanadi ɓangaren mata.

Game da abin da za a karanta, ina ganin a fara da littattafan da gasar Hukumar Fassara ta Zariya ta 1933 ta haifar. Da yawanmu mun karanta Ruwan Bagaja na Abubakar Imam muna yara, muna ta dariyar Malam Zurƙe, amma Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa sai mai iyali ne zai ji zafin uwar da ta ƙetare hamada tana neman ɗanta da aka sace. Ganɗoki na Bello Kagara kuwa zai dace da masu sha'awar tarihin zuwan Turawa.

Kuma a tsawaita wa'adin aron littafi har hutun ya ƙare, saboda masu tafiya ganin gida.

Wassalam.
Mai karanta jaridarku, daga Kano.