Godiya ga Kantin Kayan Jirgin Ruwa da Ke Tambaya Kafin Ya Sayar da Igiya

Zuwa ga mai kanti da dukkan ma'aikatansa,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kun ga ƙarshen wannan lokacin zafi lafiya. Mu direbobin ƙananan jiragen ruwa ne da ke jan masu wasan zamiya a kan ruwa da masu hawan tif, wato robar nan mai iska da ake ja a bayan jirgi, a tafkunan jihar Minnesota. Mun zaɓi mu gode muku a fili, kuma da Hausa, domin 'yan uwanmu da suka fara sayen jirage a nan Amurka su san irin kantin da ya kamata su nema, su kuma san tambayoyin da za su tarar a bakin kantarku. Hausawa sun ce yabon gwani ya zama dole.

Abin da ya fi burge mu da ku shi ne ba ku miƙa wa mutum igiya don kawai ya ce igiya yake so. Sai kun tambaye shi me zai ja, mutum nawa, nauyinsu nawa, injinsa na rataye ne ko na cikin jirgi, kuma a ina zai maƙala igiyar. Wani yakan ƙosa da tambayoyin, amma a kansu komai ya rataya. A wannan jihar aka haifi wasan zamiya a kan ruwa. A shekarar 1922, a tafkin Pepin kusa da garin Lake City, wani saurayi ɗan shekara 18 mai suna Ralph Samuelson ya ɗaura katako biyu a ƙafa, kowanne tsawon ƙafa 8 da faɗin inci 9, aka ja shi da igiyar shanya. Shi mutum ɗaya ne a kan katako. Yau ana ɗora mutum huɗu a kan tif mai faɗin tabarma, a ja su da inji mai ƙarfin doki 200, amma har yanzu akwai masu zuwa bakin ruwa da tunanin igiyar shanya.

A kan igiya muka fi jin daɗin bayaninku, don nan ne mafi yawan mutane ke tafka kuskure. Igiyar zamiya tsawonta ƙafa 75 ne, wato kimanin mita 23, tana da mariƙi a ƙarshe, kuma an saƙa ta da zaren roba mai yawo a kan ruwa, mai ɗan talewa. Talewar da gangan aka yi ta, domin ta sassauta fizga a kafaɗa da gwiwar hannun mai zamiya sa'ad da ya tsallaka sawun jirgi. Ta masu gasa ma gaɓa-gaɓa take, kowace gaɓa da launinta, ana rage ta daga mita 18.25 zuwa 16, zuwa 14.25, zuwa 13, har ƙasa da haka. Igiyar masu allo guda mai faɗi, waɗanda ke tsalle a kan raƙumin ruwan da jirgi ke tayarwa, ita kuma ba a son ta tale ko kaɗan, shi ya sa ake yin ta da zare irin su Dyneema. Idan ta tale, sai ta fizgi mutum yana sama ta karkatar da shi.

Ta tif daban take da su duka. Ba ta da mariƙi, madauki ne a kowane ƙarshe, tsawonta tsakanin ƙafa 50 zuwa 65, kuma ana sayenta ne da yawan mahaya. Kun liƙa ma'aunin ƙungiyar masu sana'ar wasannin ruwa, WSIA, a jikin bango inda kowa zai gani: ta mutum ɗaya ta jure laba 1,500 kafin ta tsinke, ta mutum biyu laba 2,375, ta mutum uku laba 3,350, ta mutum huɗu laba 4,100, wato kusan kilo 1,860. Ma'aunin ya ɗauki kowane mahayi a kan laba 170, kimanin kilo 77, kuma muna jin daɗin yadda yaranku ke tuna wa mai saye cewa idan mahayansa ƙarti ne sai ya ɗauki ta gaba. Mai tambaya yakan ce, yaya mutum huɗu da ba su wuce kilo 310 ba za su buƙaci igiyar kilo 1,860? Amsar da kuke bayarwa ita ce daidai. Nauyin mutane ƙaramin abu ne a lissafin. Babban nauyi yana zuwa ne lokacin da igiya ta saki a kwana sannan ta ɗame farat ɗaya, ko lokacin da goshin tif ya nutse ya ɗebi ruwa kamar guga. A wannan daƙiƙar jan yakan ninka sau da yawa. Wanda ya ɗaura igiyar zamiya a tif, igiyar za ta tale iya talewarta ta tsinke, ta dawo kamar bulala, ko dai cikin jirgi ko fuskar yaran da ke kan tif, wani lokaci da mariƙin ƙarfe a bakinta.

Haka nan kun ƙi sayar da ƙugiyar ƙarfe ga masu son saurin maƙala igiya a tif. Kuna ba su ɗan maƙalin roba da aka yi don wannan aikin, ko ku nuna musu yadda ake zura madauki a cikin ɗamarar tif a zarge shi. Ƙarfe a ƙarshen igiya mai ɗame harsashi ne idan wani abu ya ɓalle.

Sai maganar inda ake maƙalawa a jikin jirgi, wadda a ganinmu ta fi ta igiya haɗari, don igiya ana ganin lalacewarta, maƙalin jirgi kuwa ruɓarsa a ɓoye take. Jirgin da aka ƙera don ja yana zuwa da zobe a tsakiyar bangon baya, ko turken ƙarfe a tsakiyar jirgi. Mai injin rataye galibi ba shi da wannan, don inji ya tare tsakiya, sai dai zobba biyu a dama da hagu na bangon baya, waɗanda ake ɗaure jirgi da su a kan tirela. A nan ake sa igiya mai reshe biyu, kowane reshe a zobe ɗaya, su haɗu a bayan inji. Kun fi ba da shawarar mai ɗan wili da babbar igiya ke gudu a kansa, kuma mun yarda da ku: wilin yana bin tif duk inda ya karkata, yana raba nauyi ga zobban biyu, alhali marar wili yakan jibga wa zobe ɗaya dukkan jan a kwana ya fizgi gindin jirgi gefe. Kuna auna faɗin bangon baya kafin ku zaɓi tsawonta, don kada ta gogi inji idan an juya sitiyari har ƙarshe, kuma ba ku bayar da wadda ba ta da abin yawo a mahaɗarta, irin aikin da gora ke yi wa masunci. Shi ke hana igiya nutsewa ta naɗe a farfela sa'ad da jirgi ya tsaya. Wani abin da mutane ke mantawa, ku kuma ba ku mantawa, shi ne ita ma mai reshe biyun tana da nata ma'aunin mahaya. Igiyar mutum huɗu a kan reshen mutum biyu, ƙarfin mutum biyu ke nan.

Mun ga makanikenku yana shiga da tocila ya duba bayan zobban daga ciki. Yana neman faranti na ƙarfe marar tsatsa da ya kamata ya kasance a bayan noti don ya baza nauyi, yana duba tsagewa mai kama da saƙar gizo-gizo a jikin fentin, yana ƙwanƙwasa bangon ya ji ko katakon ciki ya sha ruwa ya ruɓe. Idan ya ruɓe, yakan gaya wa mai jirgi gaskiya cewa gyara ne a gabansa kafin maganar tif, ko da hakan na nufin mutumin ya fita bai sayi komai ba. Wannan ɗabi'ar ce ta sa muka ɗauki alƙalami.

Wurare biyu kuke hana maƙala tif, kuma muna maimaita su a nan don masu karatu. Na farko ɗan ƙarfen nan mai ƙaho biyu da ke gefen jirgi, wanda aka yi don ɗaure jirgi a mashaya, wato inda jirage ke tsayawa a bakin ruwa. Ƙusoshinsa ba na ja ba ne, idan ya tumɓuke kuma igiya za ta harba shi. Na biyu dogon ƙarfen nan mai kama da baka da ke saman jirgi, wanda masu tsalle da allo ke maƙala igiyarsu a kai. Mai allo yana sakin mariƙi idan ya faɗi, jan ya ƙare nan take. Tif ba ya saki. Idan ya nutse, duk nauyin zai hau ƙarfen daga sama, ya tsaga inda aka ɗaure shi a jikin jirgi, ko ya karkatar da jirgin. Kuma jan daga sama yana ɗaga goshin tif iska ta shiga ƙarƙashinsa. Waɗanda suka daɗe a harkar nan suna tuna shekarar 2006, lokacin da hukumar kare masu saye ta Amurka, CPSC, ta sanar da janye wani tif da aka ƙera don ya tashi sama kamar shirwa, kusan guda 19,000, bayan mutuwar mutum biyu da raunata wasu da dama. Ga wanda maƙalinsa ya yi ƙasa har igiya na jan ruwa tana fesa wa mahaya a ido, kuna da ƙwallon nan mai iska da ake sawa a tsakiyar igiya ya ɗaga ta. Yana da ɗan tsada, amma yana rage nutsewar goshin tif ƙwarai.

Kan iska ma kun yi ƙoƙari. Yawancin tif ɗin da ake dawo muku da shi a yage rashin isasshiyar iska ce ta yaga shi. Tif mai laushi yana lanƙwashewa, yana nitsewa, roba ta ciki tana zamewa a cikin rigarta, sai ɗinkin wurin ja ya ɗauki nauyin da bai kamata ba. Kuna koya wa mutane su hura har rigar ta ɗame babu tamoji, babba ya taka ya ɗan lotsa kaɗan kawai. Kuna kuma faɗa musu abin da ba a rubuta da manyan baƙaƙe a kwali: ruwan sanyi yana rage iska, don haka a ƙara bayan an jefa shi a tafki, rana kuma tana kumbura shi, don haka a sassauta bawul idan za a bar shi a kan yashi da tsakar rana.

Takardar da kuke sawa a cikin kowace jaka ta cancanci a ambace ta. Ta ce kada gudun tif ya wuce mil 20 a awa ga manya, mil 15 ga yara, ƙanana kuma ƙasa da haka sosai. Mai gani zai ce ai kaɗan ne, tunda maza masu gasar zamiya suna kai mil 36. Sai dai mai zamiya shi ke tuƙa kansa, yana da ikon saki. Mahayin tif yana hannun direba, kuma idan jirgi ya sha kwana, tif ɗin da ya fita waje yana gudun da ya fi na jirgin nesa ba kusa ba. Shi ya sa takardar ta ce a bar tazarar da ta kai ninki biyu na tsawon igiya tsakanin jirgi da gaɓa, da mashaya, da sauran jirage. Ta kawo alamun hannu: babban yatsa sama a ƙara gudu, ƙasa a rage, shafa wuya a kashe inji, dafa kai a koma gaɓa, haɗa hannu biyu a saman kai bayan faɗuwa yana nufin lafiya lau. Ta ce a ja igiya a hankali har ta miƙe kafin a ba da wuta, a nufi wanda ya faɗi ta gefen direba don kada ya ɓace masa, a kashe inji gaba ɗaya kafin ya matso tsani. Sa giya a firi bai isa ba, farfela na iya juyawa, kuma hayaƙin inji mai guba yana taruwa a gindin jirgi. Ta kuma hana naɗa igiya a hannu ko zura hannu ko kai a cikin kusurwar mariƙi.

Dokokin ma kun sa su a fili. A Minnesota dole a sami mai sa ido a cikin jirgi ban da direba, ko kuma madubi mai faɗin gani, ko da yake mu muna tare da ku cewa madubi ba ya ihu, mutum ya fi. Wasu jihohi kamar California sun wajabta ɗaga tuta ja ko ruwan lemo idan mutum na cikin ruwa, kuma kuna sayar da ita ga masu tafiya can. Tun watan Afrilun 2021 dokar tarayya ta wajabta wa direban jirgin da bai kai ƙafa 26 ba ya maƙala a jikinsa igiyar da ke kashe inji idan ya faɗi daga mazauninsa, sa'ad da jirgi ke gudu. Rigar ruwa mai hana nutsewa kuwa, kuna gwada wa kowane yaro a kanti, ku ɗaga ta daga kafaɗa. Idan ta haura kunne ta yi masa girma. Ba ku sayar da mai hura kanta ga masu tif da zamiya, don ba a amince da ita a wasannin ja ba.

Mun gode kuma da duba tsofaffin igiyoyi kyauta. Yaranku sukan bi igiya da hannu daga farko har ƙarshe, suna neman inda ta yi gashi, inda rana ta koɗar da ita ta yi ƙarau, da inda aka ƙulla ta. Ƙulli ɗaya yana iya cinye kusan rabin ƙarfin igiya, saboda haka wadda ta tsinke aka ƙulla ba ta koma bayan jirgi. Suna tuna wa mutane su shanya igiya da rigar tif su bushe sarai a inuwa kafin a kai su wani tafki, saboda ciyayi da ƙananan halittun ruwa masu yaɗuwa da jihar nan ke yaƙi da su.

Roƙonmu ɗaya ne: rigunan ruwa na yara masu nauyin laba 30 zuwa 50 suna ƙarewa da wuri a kantinku, tun kafin tsakiyar watan Yuli. Idan da hali a ƙara yawansu baɗi. Za mu kawo igiyoyinmu da masu reshe biyu a duba mana a watan Mayu, da zarar ƙanƙara ta narke. Allah ya ƙara kasuwa, ya saka muku da alheri.

Naku,
Direbobin jiragen ja da masu koyar da zamiya,
Minnesota, Amurka